Zauren Masu Hular Gashi

Bae Gyong-ja ba ta gama ɗaga ƙofar shagon ba wayarta ta sake ƙara a aljihu. Ta ciro ta duba. Wani ya sake ficewa daga zauren hirar da ta buɗe a waya, na goma sha tara ke nan tun ƙarfe bakwai.

Shekara ashirin da shida tana sayar da hular gashi a wani lungu bayan babbar kasuwar birnin Daegu, ko allon kirki ba ta taɓa kafawa ba, don sana'a ce da mai saye ke duban hagu da dama kafin ya shigo. Amma makon jiya ƙungiyar 'yan kasuwa ta kawo musu wani malami mai ƙyallin takalmi, ya ce shagon da ba ya cikin wayar mai saye ya riga ya mutu, jana'iza kawai ake jira. Kowa ya gyaɗa kai. Mai ƙyallin takalmi dai ba ya rasa masu gyaɗa masa kai. Da safen nan, kafin shinkafarta ta nuna, Gyong-ja ta kwashe lambobin masu sayen hularta ɗari biyu da sha huɗu ta zuba su zaure guda a manhajar hira, ta rubuta: "Albishirinku! Wankin hula kyauta duk watan nan, musamman ga masu karɓar magani a asibiti."

Sai da ta aika ta ga kowa na ganin kowa, suna da hoto. Ta so ta ce ba ta sani ba, amma ta sani, tunani ne kawai ba ta tsaya yi ba. Ta nemi inda ake rushe zauren har idonta ya yi ruwa, ba ta gano ba.

Direban tasi Chu ne ya fara kira.

"Yaya Bae, kin kashe ni! Ƙanen matata na ciki. Shekara takwas ina ce masa sumar nan gadon kakana ce."

"To shi me ya kai shi ciki, Direba Chu?"

Ya fashe da dariya har da tari. "Ɗan banza! Shi ya sa ba ya shiga ruwa in mun je teku."

Ita ba ta yi dariya ba. Ba Chu ne ke cin ranta ba, Gil Hye-ran ce, ma'aikaciyar gidan waya mai shekara arba'in da biyu. Wata huɗu da suka wuce Gyong-ja ta ja labule ta aske mata ɗan gashin da maganin ciwon daji ya bari, ta ɗora mata hula mai kama da askinta na da sak. Hye-ran ta riƙe hannunta ta ce, "Inna, kada kowa ya ji, balle mahaifiyata. Ciwon nan ne ya ɗauke babana, ita ta yi jinyarsa shekara biyu. Ba za ta iya na biyu ba." Gyong-ja ta yi mata alkawari, ba ta ma tambayi wace ce uwar ba.

Wajen ƙarfe goma Tsohuwa Pyo ta turo ƙofa da keken cefanenta. Shekararta saba'in da takwas, rabinsu a rumfar kifin gishiri ta yi su, kuma shekara uku ke nan tana zuwa gyaran 'yar hular da ke rufe mata tsakiyar kai. Ba ta gaisa ba. Ta ɗora wayarta a kan teburin gilashi, ta sa yatsa a kan hoto guda.

"Me 'yata ke yi a nan?"

Gyong-ja ta duba. Hye-ran ce, tana murmushi a gindin wata bishiya. Tsakanin sunan Pyo da na Gil babu abin da zai nuna uwa da 'ya, amma yanzu da ta dubi haɓar tsohuwar sai ta rasa yadda aka yi ba ta taɓa lura ba.

"Iya, zauna mana. Bari in zuba miki shayin sha'ir."

"Na sha a gida."

"Ai... ina jin ranar da ta rako ki ne na karɓi lambarta."

"Rako ni?" Tsohuwar ta taɓa kanta. "Wannan abin, ko madubin gidana bai san da shi ba sai na kulle ƙofa. A bas nake zuwa ni kaɗai. Sake wata, mai shago. Na sayar da kifin jiya a matsayin na yau shekara arba'in, na san fuskar mai ƙarya."

Gyong-ja ta kau da kai. Kawunan roba da ke jere a kan kanta, kowanne da sumarsa, duk suka zuba mata ido.

"Yarinyar da sumarta ke karya mataji," in ji tsohuwar, muryarta ta sauka. "Ba ta zo bikin girbi ba, wai aiki. Ta aiko da kwalin tuffa. Da na je gidanta na ce ta kawo kai in cire mata furfura, ta kauce kamar na ɗauko wuta. Na ce ko fushi take da ni." Ta lalubi kujerar gyaran gashi ta zauna. "Tun yaushe?"

"Iya, na yi alkawari."

"Kin cika shi kuwa, a gaban mutum ɗari biyu."

Gyong-ja ta durƙusa a kan tayil ɗin, gwiwoyinta na ƙara. "Wata huɗu. Ta ce likita ya ce an gano shi da wuri. Iya, ki zage ni, ki mare ni ma."

"Tashi, ba ni da ƙarfin ɗaga ki." Tsohuwar ta daɗe tana kallon madubi, ba kanta take gani ba. "Wacce iri ta saya? Kada ki ce mai arhar nan da ke dafa kai."

"Ta tsakiya."

"Halinta ke nan. Tana yi mata ƙaiƙayi?"

"Da zafi, kaɗan."

"Ki yi mata ta gashin gaske. Ki ce tata ta lalace a wanki, laifinki ne. Kin iya laifi ai."

Wayar Gyong-ja ta yi ƙara a kan teburin, sunan Hye-ran ya fito ɓaro-ɓaro, su duka biyu suka gani. Tsohuwar ta nuna da haɓa. Gyong-ja ta ɗauka, ta buɗe muryar yadda su biyu za su ji.

"Inna Bae!" Hye-ran na magana ƙasa-ƙasa, da alama daga bayin ofis. "Yanzu na duba waya. Mahaifiyata na cikin zauren nan, Pyo Mal-nyo. Me take yi a shagonki? Asibiti take zuwa? Ki faɗa min gaskiya, don Allah."

"Lafiyarta ƙalau. Tsufa ne kawai, tsakiyar kai ta yi haske."

Hye-ran ta saki wani dogon numfashi mai haɗe da dariya da kuka. "Tsohuwar nan! Kullum tana min gorin ko gashi ɗaya bai zube mata ba." Sai kuma ta ce, "Inna... ta gan ni?"

Gyong-ja ta ɗaga ido. A cikin madubi Tsohuwa Pyo ta toshe bakinta da tafin hannu, ruwa na bi ta tsakanin yatsunta. Ta girgiza kai a hankali, sau biyu.

"Ina za ta gani," in ji Gyong-ja. "Ko buɗe saƙo ba ta iya ba."

"Kai, na gode wa Allah. Na fita daga ciki yanzu. Inna, kin kusa tsayar min da zuciya, amma ba komai, tunda ba a yi ɓarna ba."

"E," in ji Gyong-ja. "Ki kawo hular ran Asabar in wanke miki."