Zaren Allurar Ƙasimu

Ƙasimu Nagoggo yana da tasa hanyar gwada ido, kuma bai yarda da ta kowa ba. Duk Juma'a bayan masallaci sai matarsa Indo ta kawo allura da zare. Ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allurar wajen haske, ya zura tashi ɗaya, sannan ya miƙa mata yana ɗaga kai kamar wanda ya yi kaye a dandalin kokawa.

"Shekara sittin da uku," in ji shi. "A nemo mini likitan da zai iya haka."

Da 'yarsa Mawahib yake, mai aiki a kantin magani a Bahri. Ita ce ta hana shi sakat. "Yaba, sau ɗaya a shekara fa. A auna jini, a duba ido, halas, shi ke nan."

Shi kuwa a gonakin audugar Jazira ya tashi, inda ba a zuwa asibiti da ƙafa, sai dai a kai mutum ranga-ranga. Akwai kuma tsoron da bai taɓa faɗa ba. Tsohuwar motar da yake ɗauko kifi da ita daga Jabal Awliya zuwa Umdurman ita ke ciyar da baki tara. In likita ya rubuta layi ɗaya, an karɓe lasinsa ke nan.

Amma duniya tana ta tsuke masa. Ya bugi ƙofa da kafaɗa, ya ce kafinta ne bai iya aiki ba. Ya kifar da shayin da aka ajiye a gefensa, ya ɗora wa Indo laifi. A kan hanya sai ya juya kai gaba ɗaya kafin ya ga gefe, har direbobi suka sa masa suna Mujiya. Abin da ke gabansa tar yake ganinsa, sauran kuma kamar yana leƙe ta bututu.

Wata safiya sojoji suka kafa shinge a bakin gadar Umdurman, abin da ya zama ruwan dare a shekarun nan. Wani soja ya ɗaga hannu ta damansa. Ƙasimu bai tsaya ba sai da ya ji gindin bindiga a jikin motar.

"Ban gan ka ba, wallahi."

"Ina tsaye kamar bishiya ka ce ba ka gan ni ba?"

Ƙasimu ya ga ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce ya gani, ya raina hukuma. In ya nace bai gani ba, ya yanke wa kansa abinci da bakinsa. Aka zaunar da shi a rana har azahar, kifin ya ruɓe a bayan mota. Ranar ya ji tsoro ƙwarai, kuma ba na sojan ba.

Washegari Mawahib ta kai shi asibiti, bai yi gardama ba. Ya karanta allon haruffa har layin ƙarshe, ya yi murmushi. Likitar ta auna idon da na'ura, sannan ta dube shi ta ce:

"Hawan jinin ido ne, ya Hajj. Daga gefe yake ci, tsakiya ce ƙarshe. Da ka zo shekara huɗu baya, da ɗigon magani ya tsare shi. Abin da ya tafi ya tafi, sauran za mu yi ƙoƙari. Tuƙi kuwa, ka haƙura."

Ƙasimu ya zaro allura da zare daga jikin hularsa. Zaren ya shige tashi ɗaya. Ya ɗaga ta sama, ya dubi ƙofa.

"Ina Mawahib ta shiga? A kira ta ta shaida."

Tun shigowarsu Mawahib tana zaune a damansa, mayafinta na taɓa kafaɗarsa.

"Ga ni nan, Yaba," ta ce.