Likitar Ƙoda a Hawan Ƙarshe

Ita kaɗai ce likitar ƙoda a asibitin. Shi ya sa da aka kafa kwamitin nazarin yadda za a ƙara guraben horar da ƙwararrun likitoci, aka ce ba wanda ya kai ta sanin matsalar. Aka ɗauke ta daga ɗakin marasa lafiya, aka ba ta ofis a hawan ƙarshe, mai tebur da ya fi gadonta faɗi da tagar da ba ta buɗuwa.

Sauran 'yan kwamitin sai ranar taro a otal ake ganin ƙeyarsu. Ita kuwa kullum tana nan, daga ita sai ƙarar fanka.

Mutum ɗaya ne ke hawo mata: Dogo, ƙaramin likitan da ya daɗe a ƙarƙashinta yana jiran gurbin horo. Yakan zo da shayi kofi biyu, ya tsokane ta wai ta zama 'yar sama jannati, ya ba ta labarin wanda ya samu sauƙi da na injin wankin ƙodar da ya sake yin gardama. Kullum takan ce ya ƙara haƙuri, ana miƙa rahoto za a buɗe guraben.

Wata rana ya shigo ya ƙi zama.

"Mama, wani asibiti a ƙasar waje ya ɗauke ni. Yarana suna girma, ni ina nan jiya i yau."

Ta nemi abin da za ta riƙe shi da shi, ta rasa. Sai ta sa masa albarka, ta ce ya riƙa kira.

Ranar miƙa rahoto aka yi tafi, aka ɗauki hoto. A bakin ƙofa shugaban asibitin ya raɗa mata cewa kuɗin guraben bana duk nazarin ya cinye, sai dai a duba baɗi.

Washegari ta sauko ɗakin marasa lafiya. Nas-nas suka yi mata barka da dawowa, kowacce ta koma kan aikinta. Wani tsoho da ke kan injin ya ɗago kai ya tambaye ta ina ɗan nan nata mai tsawo.

Ta ce ya yi tafiya. Ta jawo kujera kusa da gadonsa, ta zauna har aka gama wankin, ko da yake ba aikinta ba ne.