Maganin Basir

Riga biyu, wando ɗaya, silifas, ƙwayoyin asibiti a farar leda. Abin da Yahuza ya ɗora a cinya ke nan lokacin da tsohuwar motar yayansa Isyaku take haye gadar Wudil.

"Kowa ya tambaya, basir ne ya kwantar da kai a Kano," in ji Isyaku, idonsa na kan titi. "Har Inna haka ta sani. Ba a taɓa kiran sunan giya a gidanmu ba, ba kuma za a fara a kanka ba."

 Yahuza ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi.

* * *

Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da nasa maganin basir: wannan ɓawon itace, wancan gari a ƙulle. Yahuza ya karɓa, ya yi godiya.

Ran Juma'a da hantsi Inna ta shigo ɗakinsa da gorar roba cike da saiwoyi, ruwan cikinta ja wur.

"Gwaggonka Yelwa ta sayo maka a kasuwa. An ce murfi biyu safe da yamma, sadidan ne."

Ta buɗe. Kafin warin ya gama isowa miyau ya cika masa baki. Da giyar ogogoro aka jiƙa saiwoyin. Inna ba ta san warin ba. A ina za ta san shi?

"Ajiye, Inna, sai na ci abinci."

Ta ajiye a gefen katifa ta fita. Ya zauna yana kallon gorar. Magani ne, daga hannun uwa, babu mai zarginsa. Da ya ga hannunsa ya kama hanya, sai ya zari hula ya fice.

* * *

Wani ma'aikacin jinya ya taɓa gaya masa cewa akwai waɗanda suka bar sha da suke zama a bakin kogi bayan la'asar, wajen masu ɗiban yashi. Ya ce ya nemi Ɗayyabu.

Ya same su a inuwar tifa, ana zagayawa da shayi. Ɗayyabu dattijo ne ramamme, yashi har gira. Ya saurari labarin gorar, sai ya fashe da dariya.

"Basir aka ba ka? Ni taifod aka ce. Ya'u kuwa, ga shi nan, aljana ce ta aure shi."

"Har sadaki na biya," in ji Ya'u. "Babur ɗina da gonar babanmu."

Yahuza ya ji kansa yana dariya, sannan ya ji hawaye.

"Zan koma in tuttular da ita."

"Tuttular," in ji Ɗayyabu, yana miƙa masa kofi. "Gobe su sayo wata. Uwa ce fa. Muddin basir kake yi, ɗan'uwa, magani ba zai daina zuwa ba."

* * *

Gab da magariba ya shiga gida. Inna na tsakar gida a kan tabarma, gorar a gabanta, Isyaku na alwala a gefe.

"Ko ɗigo ba ka taɓa ba," ta ce. Ta cika murfin ta miƙo. "Ungo, sha a gabana."

Ya durƙusa. Murfin na dab da leɓensa.

"Inna, giya ce a ciki. Kuma ita ta kwantar da ni. Ban taɓa yin basir ba."

"Rufe mana baki!" in ji Isyaku.

Inna ta dubi Isyaku, ta dubi yatsunta da suka jiƙe. Murfin ya faɗi, ƙasa ta shanye. Ta karɓe butar daga hannun Isyaku ta yi ta wanke hannu, har ruwan ya ƙare. Ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗakinta ta turo ƙofa.

Yahuza ya matsa jikin ƙyauren, har yanzu a durƙushe.

"Gobe bayan la'asar ina bakin kogi, Inna. Wanda ya tambaya, a gaya masa dalili."