Wayon Dabo

Duk Mawashi babu wanda bai ji cewa ɗan Gajere yana da kai ba, domin Gajere da bakinsa ya faɗa wa kowa. Ya faɗa a gindin tsamiyar da maza ke hira bayan la'asar, ya faɗa a kasuwar Kusada, har matan Fulani masu kawo nono sai da suka ji. Shi da matarsa Kulu kuwa sun san ƙarya yake shirgawa.

Sunan yaron Dabo, bai cika shekara shida ba, kuma shi kaɗai ne namijin da ya tsaya musu bayan sun binne biyu. Bai yi magana ba sai da ya haura shekara uku. Da baki ya buɗe aka kai shi makarantar allo wurin Malam Labaran, ya yi damina da rani yana zuwa, amma Fatiha ta ƙi zama. Yau a biya masa aya uku ya riƙe, gobe da safe a tambaye shi ya tsaya yana kallon bakin malam yana murmushi. Sa'o'insa har sun kai Tabbat. A gida ma haka abin yake. In Kulu ta aike shi ya ɗauko ludayi da faifai, ɗaya zai kawo, wani lokaci ma ya dawo hannu rabbana ya tambayi abin da aka ce.

Kulu ta damu har ta rame. An yi rubutu an wanke an ba shi da zuma, an karɓo laya daga Fakuwa, an hana shi cin duk abin da tsofaffi suka ce yana toshe kai. Yaro dai ya yi ƙiba, karatu bai motsa ba. Gajere ma tsoro yake ji, irin tsoron da namiji ba ya iya faɗa, domin yana son yaron nan fiye da gonarsa.

Wata rana ya biyo ta makarantar ya iske yara suna yi wa Dabo waƙar dolo, shi kuma Dabo yana taya su tafi. Ran Gajere ya ɓaci, ya kama hannun ɗansa zai tafi da shi. Da Malam Labaran ya tambayi dalili, maimakon ya faɗi gaskiya su rufa wa juna asiri, sai girman kai ya sa ya ce ai yaron ya fi ƙarfin makarantar, a gida ne yake zuba karatu, a nan kuwa raina wurin ya yi. Ya ce shi zai riƙa biya masa kafin ya kai shi wurin manyan malamai a birnin Katsina. Wannan fa Gajere ne, wanda surori huɗu yake juyawa a sallolinsa tun yana saurayi. Malam Labaran ya riƙe abin a ransa.

Tun daga ranar Gajere ya shiga ciyar da ƙaryarsa. Wata ɗaya yaro ya haddace ƙananan surori, wata uku ya kai Sabbi. Wasu sun yarda, wasu sun yi shiru don ba a son rigima da maƙwabci.

Shekara biyu bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Turawa na ƙasar Bama, sai saƙo ya zo daga hakimi cewa hukumar En'e ta buɗe makarantar boko can wajen Kankiya, kuma kowace unguwa za ta kai yara ƙofar gidan dagaci a Kusada a zaɓa. Hankalin gari ya tashi. Kowa ya san wanda aka ɗauka ya bar gona, ya bar gaban uwarsa, kuma ana cewa da halin Nasara zai dawo. Masu dabara suka tura 'ya'yansu ruga wurin abokan arziki, wasu suka jefa nasu cikin rumbu suka rufe. Kulu ta ce su ma su kai Dabo wurin ƙanwarta har ƙura ta lafa.

Gajere ya yi dariya, karo na farko da zancen kan yaron ya ba shi dariya. Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, Turawa masu kai suke nema, me za su yi da yaron da ba ya riƙe aike biyu? Abin da suke kuka da shi, ga shi zai yi musu rana. Don haka da mai unguwa Babba ya zo yana kame-kame ya ce sunan Dabo na cikin waɗanda za a kai, Gajere bai ko yi gardama ba.

Ranar zaɓe yara goma sha wani abu suka jeru a ƙofar gidan dagaci, iyayensu maza a tsugune a bayansu. Malamin da aka aiko, Malam Sada, saurayi ne mai farar riga da keke, ga dogari tsaye kusa da shi. Ya riga ya zaga ƙauyuka da dama, ya ji ƙarya iri-iri har ta daina ba shi haushi, sai nishaɗi. Da farko ya sa kowane yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya gefen, wanda bai kai ba a sallame shi, bai isa makaranta ba. Dabo, da dogayen hannuwan da ya gado wurin uwarsa, ya kamo kunnensa har da saura.

Daga nan iyaye suka fara kawo uzuri. Wani ya rantse ɗansa kurma ne. Malam Sada ya zaga bayan yaron ya saki kwabo a kan dutse, kurma ya waiwayo da sauri. Wani ya ce nasa dolo ne, ko sunansa bai sani ba. Malam Sada ya zaro ƙuli-ƙuli daga aljihu ya ce na wanda ya karanta Fatiha ne, kafin ya rufe baki dolo ya kai ƙarshenta ya miƙo hannu. Aka yi ta dariya, har iyayen da aka kama.

Da aka zo kan Dabo, Gajere ya matso ya sunkuyar da kai. A gaban dagaci da mutanen unguwa uku ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa ko ɗan'uwansa ba. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, yaron ga ba shi da kai. Shekara guda ya yi bisa Fatiha bai riƙe ta ba. Ni na haihe shi, ni na sani."

Malam Sada ya gyaɗa kai, ya ce yau dai doloye sun yi yawa a ƙasar Kusada. Ya ce wa Dabo ya maimaita: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Dabo ya ce ɗaya, biyu, ya tsaya yana murmushi. Malam Sada ya jera masa tsakuwa biyar ya ce ya ƙirga, yaro ya kwashe su ya miƙa masa. Sai malamin ya ɗaga ƙuli-ƙuli. Dabo ya haɗiye yawu, ya fara Fatiha da ƙarfinsa, ya kai aya ta uku ya maƙale. Ya sake farowa, ya sake maƙalewa a wurin. Idonsa na kan ƙulin, ya ciko da hawaye.

Malam Sada ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambayi ko akwai wanda ya san yaron. Mai unguwa Babba, da yake neman ya sauke nauyin da ke kansa, ya ce kowa a Mawashi ya ji labarin kan yaron nan, har Sabbi ya kai. Mutum uku suka shaida sun ji da kunnensu a kasuwa. Gajere ya juya wurin Malam Labaran, wanda ya rako mai unguwa, yana roƙonsa da ido. Malam Labaran ya gyara zaman rawaninsa a natse.

Ya ce, "Ni dai ubanshi ya ce mani yaron ya hi ƙarhin makarantata. Ba ni ƙaryata uba bisa ɗanshi."

Fuskar Malam Sada ta washe. Ya ce ƙauye goma sha ɗaya ya zaga, duk yaron da aka koya wa wauta ƙuli-ƙuli ke tona shi, amma bai taɓa ganin ɗan shekara shida da zai riƙe umarnin ubansa haka ba, har da hawaye. Ya dafa kan Dabo ya ce wannan ya fi su duka wayo, ya ba shi ƙulin, ya rubuta sunansa a farkon littafi. Gajere ya yi rantsuwa har sau uku. Amma ai kowa ya yi rantsuwa a ranar.

A hanyar gida mutane suka yi ta jinjina masa, wai ya iya horo, saura kaɗan dabararsa ta ci. Kulu ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta kwana bakwai tana haɗa wa yaron ɗan ƙunshinsa. Ranar tafiya ta ce wa Gajere ya roƙi malamin a riƙa gaya wa Dabo abu ɗai-ɗai, kuma kada a dake shi in ya manta, ba da gangan yake yi ba.

Suka isa Kankiya da azahar, yaro a bisa jaki. Gajere ya damƙa shi ga tsohuwar da za ta riƙe yaran ƙauye, sannan ya nemi Malam Sada ya isar da saƙon Kulu. Malam Sada ya yi dariya ya buga kafaɗarsa, ya ce suna ya riga ya shiga littafi, ya huta da wasan haka nan.

Dabo ya biyo shi har bakin zaure ya riƙe masa gefen riga. Gajere ya zaci kuka zai yi, amma fuskar yaron cike take da murna.

"Baba, Malam ya ce ina da wayo."

"Na ji."

"Kai kuma ka ce ba ni da kai."

Ashe wannan ya zauna a kan yaron. Kwana bakwai, kuma bai ɓata ba. Gajere ya tsuguna har tsawonsu ya zo ɗaya.

Ya ce, "Ta Malam za ka riƙe, Dabo. Ya hi ni sani."

Ya zare rigarsa daga hannun yaron a hankali, ya kwance jakinsa, ya kama hanyar Mawashi.