Ranar da Aka Koma Hannun Dama

Shekara goma sha shida maigidana Kalilu ya yi yana jigila tsakanin Maraɗi, garinsu, da Jibiya. Can ana tuƙi a dama, nan a hagu, yana sauya hannu a bakin iyaka kamar mai sauya takalmi, kuma ko kaza bai taɓa takewa ba. Shi ya sa da aka ce Nijeriya za ta koma dama, shi kaɗai ne a tasha bai damu ba.

Ana saura 'yan watanni sai ga 'yan birni da na'urar ɗaukar fim. Wai fim za su yi na ban dariya, wanda za a kalla da iyali, a koyi sabon hannu. Sun taho da Alhajinsu na wasa, da matarsa, da 'ya'ya biyu tsaf-tsaf, da sabuwar Fijo. Direban iyaka kawai suka rasa, sarkin tasha ya nuna musu Kalilu.

Ni da rawar kai na wanke babbar rigarsa na kai mabuga. Ashe wahalar banza na yi. Tuɓe masa ita suka yi, suka ba shi yagaggiyar taguwa, suka ce ya saki baki ya zaro ido.

"Wasa na, Nagoggo," in ji shi. "Ba ki son mu ma a gan mu?"

An gan mu kuwa. Ranar da aka haska majigin bayan magariba, har daga Gangara da Bugaje an zo. Alhaji na tuƙi a natse, 'ya'yansa na zuba Hausar Kano suna koya wa duniya hanya. Sai ga maigidana, baƙo daga ƙasar Faransa, wato tsallaken iyaka, ya kasa bambance dama da hagu, ya afka rami, akuya ta haye kansa. Duk mai hankali a fim ɗin nan bakin birni gare shi. Duk mai magana irin tamu sakarai ne. Fili ya kece da dariya, ni ma na dara kafin na waiwaya na ga fuskarsa. Har gobe dariyar nan na cina.

Ranar sauyi ya wanke motarsa tun da safe, ya shiga layin lodin Katsina. Ina gefe da ƙwaryar furata, ya ce, "Yau za su san wa ya iya."

Hajo mai daddawa, wadda ta shekara goma tana shiga motarsa, ta riga ta zauna. Sai ta ƙura masa ido.

"Wanga ba shi na na majigi ba? Sauke mani kayana, ɗana. Ina da jikoki."

Kowa ya bi ta. Suka cika motocin su Rabe, sauran direbobin tasha, waɗanda ko sau ɗaya ba su taɓa tuƙi a dama ba. Motoci sun cika maƙil, amma direbobi sai duba taya suke, an rasa mai fara fita.

Can sarkin tasha ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Kalilu, don Allah shiga gaba su biyo ka. Kai ka san hannun."

Na ce a raina, idan ya yarda ban yafe ba. Ya dubi motocin, mata da goyo, ya tada tasa.

Haka ya kama hanyar Katsina, mota wayam, shida cike a bayansa. Ina tsaye ina jin fasinjojin suna nuna shi ta taga suna dariya.