Ƙafa Ta Huɗu

"Ni fa ban ce a'a ba," in ji Mahmudu, yana auna wa wata mata yadi, ko ɗago kai bai yi ba. "Cewa na yi jibi Juma'a, jibi tsere. Ka ratsa da doki cikin motocin unguwar Hindawiyya, ya taka ƙusa, sai mu ce me?"

Abdulghani ya haɗiye maganar da ta zo masa baki. Tun hantsi yake tsaye a ƙofar kantin nan, gumi ya manne masa riga a baya.

"Ya Mahmudu, mutum ne a kwance. Likita ya ce a mai da shi gida, ka kuwa san abin da ake nufi. Abu ɗaya ya roƙa, ya ga Akawal."

Akawal baƙin doki ne, kuma na mutum huɗu. Shekara shida da suka wuce suka haɗa hannu suka saye shi, da ƙaramin keken da yake ja a tseren da ake yi duk Juma'a a faƙon hanyar Abhur. Kowa ƙafa ɗaya, haka suke kiran rabon. Na'ibi, tsohon da katanga ɗaya ta raba gidansa da na Abdulghani, shi ke tuƙa keken har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Shi ne kuma ya kafa doka, tun ranar da Mahmudu ya ara wa wani ango dokin aka dawo da shi yana ɗingishi: ban da ranar tsere, Akawal ba ya barin barga sai ƙafa huɗu sun yarda, baki da baki, ba aike. Suka shafa Fatiha a kai.

"Tayyib, halas, na yarda," Mahmudu ya ce da ƙyar, kamar ana cire masa haƙori. "Amma a naɗe masa kofato da tsumma."

Ƙafa uku ke nan: ta Na'ibi, ta Abdulghani, ta Mahmudu. Saura ta Abdulwahid, direban wani attajiri, wanda ke can Abhur, bakin teku, da iyalin kafilinsa, wato maigidan nasa, tun farkon mako.

Bayan azahar Abdulghani ya shiga gidan Na'ibi da murnarsa. Tsohon na kwance a tabarma ƙarƙashin taga, matarsa Dela tana yi masa fifita. Linzamin Akawal na farko yana rataye a ƙusa saman kansa.

"Ammi," ya ce wa tsohon, kamar yadda ya saba kiransa, "Mahmudu ya yarda. Yanzu zan je in kawo shi."

Na'ibi ya buɗe ido. "Abdulwahid fa?"

"Yana Abhur. Amma wa bai san zai yarda ba? Kai ka koya masa riƙe linzami."

"Ka ji daga bakinsa?"

"Ammi..."

"Ka taɓa ganin doki ya yi tafiya da ƙafa uku?"

Dela ta ajiye maficin. "Haba Malam! Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Wa zai tuhume ka?"

"Don ni na ɗaura ne ba zan kwance ba." Ya yi tari mai tsawo, Dela ta tallafe shi. "Fatiha muka shafa, Dela. In na karya a kaina, gobe Mahmudu ya karya a kansa."

Abdulghani ya ji kamar ya fasa ihu. Ga mutum numfashi na gagararsa, amma taurin kai yana nan daram. Ya yi tunanin ya fita ya zaga unguwa, ya dawo ya ce ya ga Abdulwahid. Sai dai shekara ashirin suna maƙwabtaka, bai taɓa yi wa tsohon nan ƙarya ta wuce ba, kallo ɗaya yake kama shi. Ya zura takalmansa ya fita.

Abhur ba nan kusa ba ce. Ya tsaya bakin titi har wata motar ɗaukar siminti ta tausaya masa. Da ya isa, mai gadin gidan ya ce Abdulwahid ya kai maigida Makka, sai gobe. Ya dawo da ƙurar siminti har gira, bai iya shiga wurin Na'ibi ba, don ba shi da abin faɗa. Ta katanga ya jiyo tarin.

Da sassafe ya sake komawa. Ya zauna a inuwar katanga yana kallon teku, tekun ma haushi yake ba shi. Sai da rana ta take tsaka motar maigidan ta shigo. Abdulwahid ya fito, ya saurara, ya dafe kai.

"Ya akhi, don wannan ka zo har sau biyu? Haram alaik! Ai da ka kai shi tun jiya!"

"Faɗa da bakinka."

"Me zan faɗa? Kai ma ka sani."

"Wallahi in ba ka faɗa ba, ni da kai ne yau."

"Na yarda! Na yarda! Yalla, tafi!"

Daga nan sai barga, can bayan gari. Ya tsuguna ya naɗe kofato huɗu da tsumma kamar yadda Mahmudu ya ce, don sauri ɗaurin na ta kwancewa. Akawal kuwa bai san ana sauri ba. Ya tsaya ya sunsuni buhun mai sayar da hatsi, ya firgita da hon ɗin wata tasi, ya turje a bakin kwalta sai da aka lallashe shi. Suna hanya aka kira la'asar.

Da suka karyo kwanar lungun, Abdulghani ya ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gidan Na'ibi, maza a zaune, ƙafafunsu da ƙurar maƙabarta. Mahmudu na cikinsu. Ya ɗago ya dubi dokin, ya dubi tsumman kofatonsa, ya sunkuyar da kai.

Abdulghani ya tsaya riƙe da igiya, cike da baƙin ciki da haushi, bai ma san wa yake jin haushi ba.

Labulen ƙofa ya motsa. Dela ta leƙo, lulluɓe, idanunta sun kumbura.

"Abdulghani, Abdulwahid ya yarda?"

"Ya yarda, Inna. Da bakinsa."

Ta gyaɗa kai. "Malam ya ce in tambaya tukun."

Sai ta miƙo wani ƙullin ƙyalle. "A ƙarƙashin matashinsa yake tun shekaranjiya. Ya ce in ƙafa huɗu sun cika, a ba Akawal."

Abdulghani ya kwance ƙullin. Dabino ne guda bakwai, an cire wa kowanne ƙwallo. Ya zuba su a tafinsa ya miƙa. Akawal ya sunkuyo ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙa wuya ta saman kafaɗar Abdulghani, yana sunsunar tagar ɗakin.