Ƙotar Hagu

Falalu ya ci amanar sautu, sannan ya rufe cin amanar da ƙarya. Wannan shi ne laifinsa. Masu cewa ai da kyakkyawar niyya ya yi, su bari su ji yadda abin ya faru tukuna.

Mutumin Damagaram ne, wato Zinder, yana zaune a Bobigny da ke gefen Paris, yana aikin ofis a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a cikin Paris. Aikin yakan kai shi birnin Lyon a kai a kai, saboda haka ya zama ɗan aiken kowa. Wannan ta ba shi kilishi ya kai wa ɗanta, wancan ya ba shi kuɗi ya sayo masa turaren wuta a kasuwar Château Rouge ta Paris. Yana son wannan matsayi ƙwarai. In ya sauka daga jirgin ƙasa da jakunkuna biyu, ya san akwai gidaje a unguwar Les Minguettes ta gefen Lyon da ke jiransa da shayi da godiya.

Gidan da yake fara sauka shi ne na yayarsa, Hajiya Batula, wadda ta daɗe tana aikin jinya a Lyon kafin ta yi ritaya. A wurinta Ruwaida take zaune, 'yar ƙanwarsu, wadda ta zo karatu ta gama, ta sami aiki a wani ɗakin gwajin ruwan sha.

Ruwaida tana wasan harbi. Ba farauta ba ce, ba kuma faɗa ba ne. Ana tsayawa a zaure da bindigar iska, a auna wani baƙin ɗigo a jikin takarda daga nisan mita goma, wanda hannunsa ya fi natsuwa shi ya ci. Wata abokiyar aikinta ce ta ja ta zuwa kulob ɗin. Ranar farko mai horarwa, wata dattijuwa da ake kira Madam Solange, ta sa ta haɗa yatsu ta leƙa ta tsakiya, ta rufe ido ɗaya, ta rufe ɗayan. Sai ta ce mata idonta na hagu ne ke jan ragamar ganinta, don haka da kafaɗar hagu za ta riƙa harbi.

Ruwaida ba ta yi mamaki ba. Bahaguwa aka haife ta. Tana ƙarama a Zinder aka yi ta bugun hannun har ta koma ci da rubutu da dama, kuma wanda ya fi kowa bugun shi ne kawunta Falalu, lokacin yana saurayi a gidan. Hannu ya ji bugu ya bi. Ido kuwa babu wanda ya taɓa tunanin bugunsa.

Cikin shekara biyu ta zama ta gaba a kulob ɗin. Aka sa ranar gasar tacewa, wadda duk wanda ya haye zai shiga gasar yankin gaba ɗaya, kuma sau ɗaya ake yin ta a shekara. Ana saura 'yan makonni bindigarta ta zame daga kan tebur, ƙotar ta tsage daidai wurin riƙo. Ƙota ita ce itacen bindiga, inda ake dafa kafaɗa, a kwantar da kunci, a riƙe da hannu. Ta masu dama daban, ta masu hagu daban, domin tudun kunci da lanƙwasar tafin hannu kowanne gefensa guda ne.

Ba ta yi gaggawar saye ba. Akwai sabuwa ta alminiyam da ake iya matsar da kowace gaɓa tata, amma kuɗinta ya kusa albashinta na wata, ta ce ba ta kai nan ba. Akwai ta roba mai araha, Madam Solange ta ce tana lanƙwashewa in an matse ta, arahar da za a sake saye ba araha ba ce. Daga ƙarshe ta samo wata a wani kantin kayan harbi a Paris, ta hannu ce, katako mara ado, da ɗan ƙarzuwa a gindi, amma ta hagu ce, ta dace da irin bindigarta, kuma ana iya ɗaga wurin kuncin. Kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba. Mai kantin ya yarda ya ajiye mata zuwa Asabar. Ta kira kawunta.

"Kawu, ina wuni, ya aiki, ya su Anti Hassia?"

"Lafiya lau, 'yar gidan maharba. An kashe zaki ko tukuna?"

"Takarda dai muke kashewa. Kawu, sautu zan ba ka. An ajiye mini ƙota da sunana. Ka duba mini kawai ko babu tsaga, ka karɓo. Ta hagu ce, don Allah kar a canza. In babu ita, a bari."

"Ta hagu?"

"Eh, Kawu."

"To. Turo kuɗin."

Ranar Asabar ya je kantin. Mai kantin ya fito da ƙotar, ya nuna masa babu tsaga ko ɗaya, ya ce yarinyar ta iya zaɓe, irin wannan ba ta kwana a kanti. Falalu ya juya ta a hannu. Abu biyu suka tsaya masa a rai. Na farko, tsohuwa ce, ya ga bai dace a ce shi Falalu ya shiga gidan yayarsa da kayan da wani ya gama ci ba. Na biyu, kuma shi ne babba, hagun. Shi a ganinsa aikin da ya yi shekaru ashirin da suka wuce ne Turawa ke warwarewa. Ya nuna wata sabuwa da ke rataye, katako mai duhu, an goge shi yana sheƙi.

Mai kantin ya ce wannan ta dama ce, ba za ta yi mata ba.

Falalu ya ce shi ya san 'yarsa. Ya cika kuɗi daga aljihunsa, ya fito yana jin ya yi abin kirki.

Ya iso Les Minguettes da hantsi, ya ajiye kwalin a tsakiyar falo. Ruwaida ta buɗe. Kallo ɗaya ta yi wa tudun kuncin ta gane.

"Kawu, wannan ai ta dama ce."

"Waccan an sayar kafin in je," in ji shi, ko ƙifta ido bai yi ba. "Na ga kar in zo hannu rabbana, na ƙara nawa na sayo miki sabuwa. Dubi sheƙi. Ke da za ki tsaya gaban Nasara da guntun itace kamar muciya."

Hajiya Batula, wadda ba ta san kan bindiga ba, ta shafa katakon ta ce, "Allah ya saka, Falalu. Ke, yi godiya mana."

Ruwaida ta yi godiya. Nan ne mugun abin yake. Da ya dawo mata da kuɗinta, da ta ari bindiga ko ta nemi wata hanya. Amma ya mai da sautu kyauta, kuma yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta mayar wa kawunta kyauta a gaban innarta.

Ta ɗaura ƙotar a bindiga ta tafi kulob. Ta gwada da hagu, gefen katakon ya tokare mata muƙamuƙi, babban yatsa ya rasa wurin zama. Madam Solange ta nemi ta hagu a cikin kayan kulob, guda ɗaya ce, ta yara, ta yi mata gajarta. Sai Ruwaida ta koma kafaɗar dama, aka rufe mata idon hagu da ɗan farin roba. Ta yi ta zuwa kullum bayan aiki. Ba ta yi ƙorafi ba, ba ta kuma yi wasa da horon ba. Amma abin da jiki ya koya cikin shekara biyu ba ya komawa ɗaya gefen cikin 'yan kwanaki.

Ranar gasar ta tsaya a layi da sauran, ta yi harbinta har ƙarshe. Ba ta yi abin kunya ba, ta dai faɗo tsakiyar jeri, a bayan yaran da take koya wa tsayuwa. Ba ta haye ba. Ta naɗe kayanta, ta gaisa da waɗanda suka ci, ta hau taram, jirgin cikin gari, ta koma gida.

Bayan kwanaki tana kicin tana yanka albasa, Hajiya Batula tana tuƙa tuwon semolina, sai ta kira kantin Paris don ta tambaya ko za a sake samun ta hagu. Hannunta da albasa, don haka ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tebur. Mai kantin ya gane sunanta nan take. Ya ce ya yi mamaki, domin ya ajiye mata har Asabar kamar yadda suka yi, mutumin da ta aiko ya riƙe ta a hannunsa ya ce ba ya so. Sai ranar Litinin wani ya saye ta. Ya ce ta hagu ta hannu kuwa, sai an dace.

Ruwaida ta yi godiya ta kashe wayar. Ta ci gaba da yanka albasa. Hajiya Batula ta shekara talatin tana jin Faransanci a bakin marasa lafiya, babu kalmar da ta wuce ta. Ta sauke tukunya.

Da Falalu ya sake zuwa, ta bari ya ci ya ƙoshi, ya sha shayi. Sannan ta ce, "Falalu, ranar da ka je kantin nan, ƙotar tana nan ko ba ta nan?"

Ya dubi Ruwaida. Ita tana kallon kofinta.

"Yaya, maganar ta wuce ai."

"Tana nan ko ba ta nan?"

"Tana nan. Amma ki saurare ni. Yarinyar nan da ƙyar muka gyara ta. Hannun hagu kin san aikinsa. Yanzu a ce 'yar gidanmu ta tsaya a bainar jama'a tana abu da hagu, ana ɗaukar hoto, ya je har Zinder?"

"Da wane hannu ta zuba maka tuwo yanzu?"

"Da dama."

"Da wane ta ci?"

"Yaya, ba wannan ba ne."

"To wanne ne? Ci da dama mun san inda aka faɗe shi. Bindigar iska kuma a wane littafi ka gani, Malam Falalu? Ni dai ban san ranar da aka naɗa maka rawani ba."

Ya gyara zama. "Har kuɗina fa na ƙara. Sabuwa dal. In da wani ne, godiya zai yi."

"An yi maka, ni na sa ta. Shi ne abin da ya fi ƙona mini rai, ka sa na tura yarinya ta gode wa wanda ya cuce ta. Sautu aka ba ka, ba shawara aka nema ba. In kana da magana, bakinka na nan, ka ce Ruwaida ban yarda ba, nemi wani ya sayo miki. Da ta ji haushi ta nemi wani. Amma ka karɓi kuɗinta, ka sayo son ranka, ka zo falona ka ce an sayar."

Falalu ya juya ga Ruwaida, yana neman inda zai dafa. "Ke, faɗi gaskiya. Wasa ne fa. Takarda ce. Baɗi ma akwai."

Ruwaida ta ɗago kai. Muryarta ba ta tashi ba.

"Akwai baɗi, Kawu. Amma ta bana nake so, kuma na faɗa maka in babu a bari."

"Shi ke nan, zan mayar musu su canza."

"Ba za su karɓa ba. Na ɗaura ta, na yi harbi da ita, sawun ƙusoshi ya fito."

Hajiya Batula ta tattara kofuna. Ta tambayi Ruwaida wace ƙotar hagu ake iya samu yanzu ba tare da jira ba. Ruwaida ta ce sai sabuwar alminiyam ɗin nan, wadda ta ƙi tun farko saboda tsada, kuma har yanzu tana ganin kuɗinta ya fi ƙarfin wasanta.

"Ya fi ƙarfinki," in ji Hajiya. "Bai fi ƙarfin mai ƙarin kuɗi ba."

"Yaya, kin san nawa ce kuwa?"

"Ban sani ba, kai za ka gaya mini in ka biya. Kuma ba kai za ka sayo ba. Ita za ta hau jirgi ta je ta gwada a kafaɗarta, kai naka biya. Wannan mai sheƙin kuma ɗauki abinka, ka rataye a Bobigny."

Da la'asar matan unguwa suka fara shigowa da 'yan ƙulle-ƙullensu kamar yadda suka saba, wannan da saƙon da za a kai Clichy-sous-Bois a gefen Paris, waccan da kuɗin atamfa. Hajiya Batula ta tare su a ƙofa, ta gaya musu abin da ya faru kamar yadda ya faru, ba ta ƙara ba ta rage ba, Falalu yana zaune yana ji. Ɗaya bayan ɗaya suka gaishe shi da ladabi, suka tambayi iyali, suka koma da kayansu.

Falalu ya biya kuɗin sabuwar ƙota da na jirgin Ruwaida, ya yi asarar wadda ya saya. Daga ranar babu wanda ya sake ba shi sautu a Les Minguettes.